Shafin da Oga Ya Ce a Cire

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse, ni aka ɗora wa haɗa manhajar da za ta riƙa tuna wa masu ciki ranar awo. Wata biyar ina fama, kullum daga Mararaba cikin cunkoso. Ba komai na rubuta da hannuna ba. Kalandar da ke ciki da abin aika saƙo, wasu bayin Allah da ban taɓa gani ba ne suka rubuta, suka sa a intanet kyauta. Sharaɗinsu ɗaya: duk wanda ya raba manhaja da aikinsu a ciki, ya bar sunayensu da rubutun lasisin yadda yake. Na ware musu shafi a ƙarshe.

Ana jibi za mu kai wa ma'aikatar lafiya, oga ya gani ya ɓata rai.

"Cire wannan. Za su ce kwafa muka yi."

"Oga, haƙƙinsu ne. In na cire mun karya sharaɗi."

"Wa zai duba?"

Ina da taurin kai, a gida ma an shaida. Kuma mahaifiyata ce ta saba mini: ko miyar taushe ta yi aka yaba, sai ta ce ai wajen maƙwabciyarmu ta koya. Na ce masa ko a bar shafin, ko a nemi wata ta ƙarasa. Na faɗa, alhali ba ni da wani aikin. Ya ce ke kika sani, ya daina amsa gaisuwata.

A ɗakin taro, lauyar ma'aikatar, wata dattijuwa mai tabarau, ko kallon allon da oga ke nunawa ba ta yi ba. Ta karɓi wayar da manhajar ke ciki, ta gangara har ƙasa, ta daɗe tana karantawa.

"Wa ya yi wannan shafin?"

Oga ya nuna ni da baki, irin ga mai laifin nan.

"Ku kaɗai kuka sa," ta ce. "Sauran kamfanonin duk na mayar da su. Ba za mu raba wa asibitoci abin da za a kai mu kotu a kansa ba."

Wallahi daɗi kamar ya kashe ni. A mota oga ya yi gyaran murya, ya ce dama shi ma ya so a bar shi.

Ranar da manhajar ta fita na buɗe shafin. A ƙasan sunayensu an ƙara layi ɗaya, kuma ba ni na sa ba; bayan ni, oga kaɗai ke iya taɓa shafin. Sunana ne.