Agogon da Ya Ƙona Hotunan Biki

Mzee Kombo, wato Dattijo Kombo, ya tsufa yana ɗaukar hoto a garin Tanga, kuma har yau da fim yake aiki. Agogonsa ma tsoho ne, irin wanda ake yi wa wani da hannu. Idan ya shiga ɗakin duhu wanke fim, kara shi yake a kunne yana bin bugunsa. Abokinsa Shauri, shi ma mai hoto, ya sayi agogon zamani mai lambobi, ya ishe shi da tsiya: "Tsoho, yar da gwangwanin nan mana!"

Da aka zo bikin jikarsa Mwanaisha, Kombo ya hana a ɗauko wani mai hoto, ya ce aikinsa ne. Ranar wankin fim ɗin Shauri ya bi shi ɗakin duhu don ya taya shi. Kombo ya zaro fim ke nan, Shauri ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya, sai agogon nan nasa na zamani ya kawo haske fau.

"Shauri! Ka kashe ni!"

"Wallahi ban taɓa shi ba, shi ya kunna kansa."

"Kai ba mai hoto ba ne? Wane mahaukaci ke shigowa nan da fitila ɗaure a hannu? Fita, kafin in fasa shi a goshinka!"

Fim ya fito baƙi ƙirin, ko fuskar amarya babu. Kombo ya zura takalmi yana huci, ya nufi gidan 'yarsa, uwar amarya, don ta ji daga bakinsa.