Kanumfarin Inna da Haƙorin Baba

Shekarar da na koma gida wankan ɗana na fari, a ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Rusairis, ita ce shekarar da haƙori ya kama Baba. Mutum ne da ba ya faɗin ciwo. Na taɓa ganin ƙaya ta shige masa ƙafa a gona, ya zare ta da wuƙa ya ci gaba da noma. Saboda haka ba wanda ya ji daga bakinsa. Inna ce ta gane, ranar da ta kawo masa kisra, gurasarmu ta dawa, da miyar kuɓewa, ta ga yana tura loma gefe guda, shayinsa ma ya bar shi ya huce.

"Malam, mi ya samu kuncinka?"

"Ba komi, Hajja. Sanyi ne."

"Sanyin da ya zaɓi kunci guda? Zauna nan."

Ina daga kan gado ƙarƙashin rumfa ina kallonsu. Inna ta ɗauko gwangwanin kayan gahawarta, inda take ajiye citta da kanumfari, wanda ƙannena ba su san shi da wani suna ba sai gurunful. Ta daka kanumfarin kaɗan a ƙaramin turmi, ta ɗiga man riɗi, ta naɗe cikin auduga. Sai da ta sa shi ya kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, sannan ta ce ya buɗe. Ban taɓa ganin Baba haka ba: dattijo da furfurarsa, zaune kan tabarma, baki a wangale, ido na kallon sama, Inna ta tallabe masa haɓa.

"Ciza. Kada ka yi magana."

Ya yi magana. Ya ce abin na ƙuna.

"To, yana aiki ke nan," in ji ta.

Ya kuwa yi aiki. Baba ya samu barci har la'asar, Inna na gefensa da mafici tana korar ƙuda. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Maƙwabta suka yi ta kawo nasu maganin. Wani ya kawo taba a ƙunshi, ya ce a cusa a ramin haƙorin. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, yana fita ta watsar bayan danga.

Da kumburin ya kai ƙasan ido, ta ce masa kanumfari lallashi kawai yake yi, dole a je Rusairis a cire. Baba ya shafa kuncinsa. Can ya rage murya.

"Hajja, wallahi ƙarfen nan nasu nake tsoro."

Inna ta waigo wajena. Na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta yafo tob ɗinta na unguwa, ta ce masa ya tashi kada hafila, motar haya, ta wuce su.

Da yamma suka dawo, shi da auduga a baki, ita da ƙullin ayaba. Bayan ya kwanta ta zo ta nuna mini awarwaronta na azurfa. Ya lanƙwashe, don nan Baba ya riƙe lokacin da likita ke ja. Da ya warke na tambaye shi, ya ce dama can a lanƙwashe yake. Inna dai ba ta taɓa kai shi wajen maƙeri ba, haka take sa shi har yau.