Kwanon Yaya a ranar Ashura

A shekarar da nake magana, Ashura ta faɗo cikin Disamba, ruwa ya ɗauke a Duwala ta Kamaru, zafi ya dawo. Ina aikin masinja a wani ofis a unguwar Bonanjo. Na ce wa Inna, mahaifiyata, ina azumi, amma da rana na ci makala, wato fanke, da wake a bayan ofis. Wannan shi ne ƙaramin laifina na ranar.

Yayana ya shiga jirgin ruwa neman aiki shekara huɗu kafin nan, ba wasiƙa, ba waya. Inna ta riƙe maganar liman cewa a ranar Ashura jirgin Annabi Nuhu ya sauka a tudu, a ranar kuma Allah ya fid da Annabi Musa daga teku. A wurinta rana ce da na kan ruwa ke isa ƙasa.

A gidanmu na unguwar New Bell ana busar da wutsiyar ragon layya a ajiye don tuwon cika-ciki. Kowa da kwanonsa. Na matattu a kai masallaci sadaka. Na wanda ya yi tafiya a rufe shi a ɗakinsa, da safe a ba maƙwabta. Kwanon Yaya na ɗaki ne, kuma shi ake sa wa wutsiyar.

Da aka sha ruwa na cinye nawa. Inna ta ce, "Kai ɗan ofis, azumi ka yi ko noma?" Matar Yaya ta yi dariya. Da suka tashi alwala na lallaɓa ɗakinsa. Ba yunwa ba ce, haushi ne: ni ke ciyar da gida, wanda ba ya nan ke da wutsiya. Na cinye a tsaye, na mayar da murfi a kan kwanon duk miya, na fita.

Da safe na ji salatin Inna. Ta zauna a ƙofar ɗakin, ba hawaye. Ta ce, "Ya zo. Mai rai ba ya cin tuwon uwarsa bai gaishe ta ba. Ku gaya wa liman."

Liman ya ce mamaci ba ya cin tuwo, ta ji tsoron Allah. Ba ta saurare shi ba. Aka yi sadaka, matar Yaya ta shiga takaba, daga baya ta koma gidan iyayenta. Ina tsaye ina karɓar gaisuwa, ban gaya wa kowa ni na ci tuwon ba.

Sai da ciwo ya kwantar da Inna na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na ci tuwon Yaya."

Ta ce, "Na sani, ɓarawon nama. Na gan ka ta taga."

"To don me kika ce ya rasu?"

"Ka wanke kwanon?"

Na ce a'a.

"Na same shi a wanke, a kife a kan murfinsa. Kai tun da na haife ka ba ka taɓa wanke kwano ba. Shi kaɗai ke kife shi haka."

Na je har gidan iyayen matar Yaya na tambaye ta, ta rantse ba ta shiga ɗakin ba. Inna ta rasu ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Har yau in na ɗaga hannu zan yi wa Yaya addu'a, sai in rasa wadda zan yi, ta matafiyi ko ta mamaci.