Amirin Tafiyar Tiga

Duk tsiyar daga wayar mutumina ta faro. Muna majalisarmu ta Gyadi-Gyadi, bakin shagon wani tela abokinmu, ya miƙo min bidiyo: wasu Turawa a kan kekuna sun taso daga duwatsu masu ƙanƙara, suna ta gangarowa ba mai taka feda, har bakin wani tafki shuɗi. Da tsofaffi a ciki, wata ma ta yi jika da ni.

"Ka ga masu sanin ciwon kansu," in ji shi. "Mu ma ai muna da duwatsu a Riruwai, muna da ruwa a Tiga. Gangare ne zalla, Malam. Ɗora tumbin nan naka a sirdi kawai, shi zai kai ka."

Mutumin nan tare muka yi makarantar allo a Tarauni, wuƙar wanzami ɗaya ta yi mana kaciya, shi ne babban abokin ango a bikina. In ya ce min rijiya ba zurfi, tsalle zan yi. Ga likita ya dame ni da maganar motsa jiki. Na ari keken maƙwabci, muka zuba kekuna a motar kaya, ni da shi da tela, sai Riruwai.

Da za mu taso, tela, wanda ya ɗan taɓa karatu, ya ce matafiya in sun kai uku sai sun naɗa shugaba, wato amir. Ni da bakin nan nawa na ce a ba mutumina. Ya gyara jar hularsa ya kafa doka: ba a barin kowa a baya, kuma ba a musu da amir. Muka shafa fatiha.

Ranar farko, in faɗi gaskiya, an sha daɗi. Iska ta cika min riga har na koma kamar buhun auduga, muka kwana a Doguwa gidan dangin tela, aka yi mana tuwon masara. Daga nan gangaren ya fara ƙarya. Duk wanda muka sauka, sai ka ga yayansa a tsaye a gaba yana jira. A dajin Falgore tsoro ne ya tuƙa keken, ba ni ba. Birai suka jeru a bakin titi suna kallona kamar sun san ubana. Mazaunaina kuwa tun a nan suka yafe ni.

Mun wuce Tudun Wada da hantsi, a gindin wani tudu, na danna feda da ƙarfi, kaca ta ce ɓas. Amir ya duba, ya nuna min wata tsamiya.

"Zauna nan. Za mu haura mu zo maka da mai gyara. Kar ka motsa, umarni ne."

Na zauna. Azahar ta yi, na yi sallata. Wata a-kori-kura mai ɗauke da rake ta tsaya, direban ya ce, "Alhaji, jefo keken mu rage maka hanya." Na ce a'a, amir ya ce kar in motsa, in ya dawo bai same ni ba hankalinsa zai tashi. Direban ya dube ni, ya dubi yaron motarsa, ya miƙo min rake guda kamar mai ba da sadaka, ya ja mota. Duk ƙarar da na ji daga kan tudu sai in miƙe in kaɗe riga. Tururuwa ta gama zagaye ni, har ta fara shawarar ta inda za ta ɗauka. Gurasarmu da ƙuli duk suna ɗaure a kariyar keken amir.

Bayan la'asar yunwa ta karya biyayya. Na tura keken na haura tudun nan ina haki. Ina kaiwa sama, ga rumfar mai gyaran keke a bakin titi. Da na yi tari mai ƙarfi daga gindin tsamiya, da ya ji ni.

"Baba, wasu mutum biyu ba su tsaya nan ba?"

"Mai jar hula da wani siriri? Sun wuce tun hantsi. Mai jar hular ya ɗage ƙafafu sama yana ihu kamar yaro." Bai ko ɗago kai ba, ya ɗaura min kaca.

Daga rumfar nan gangaren gaskiya ya fara, irin na bidiyo. Ban taka feda ba, ruwan Tiga yana ta ƙyalli a gabana. Daɗin ne ma ya fi ba ni haushi, don ba wanda zan juya in ce wa ka gani.

Na same su a bakin ruwa, an baje soyayyen kifi, ƙaya ta yi tudu. Tela ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ni na ce mu tsaya. Amir ne ya ce mu wuce, ka san ba a musu."

Na dubi mutumina. Ya lashe yatsa.

"Haba, ɗan'uwa. Gangaren ne ya ɗauke ni, na ce bari in ɗan ɗana. Da na waiwaya na ga tudun da zan sake hawa, sai na ce ai kai ɗan Gyadi-Gyadi ne, ba ka ɓata. Wa ya ce ka zauna?"

"Kai ka ce."

"To ai ban zaci za ka ji ba." Ya turo min kan kifi.

Ban ci ba. Ni da ban taɓa barin kifi ya kwana ba.

Har yau majalisarmu ɗaya da mutumina, muna gaisawa, na je sunan 'yarsa. Yana ba da labarin Tiga ana dariya, ni ma ina tayawa, har in ƙara gishiri. Amma duk ranar da liman bai zo ba, aka tura shi gaba ya ce a daidaita sahu, sai in tuna alwalata ba ta da ƙarfi. In fita bakin famfo, in yi ta wanke ƙafa a hankali har ya sallame.