Hannun Rigar da Na Ƙara

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanyar Greensboro daga Bronx ta New York, ni da wani abokina mutumin Maraɗi mai tuƙin tasi. Shi danginsa zai je gaisarwa, don mutanen Nijar suna da yawa a can. Ni kuwa wurin 'yata ta fari zan je, wadda take karatu a jami'a tana zaune a hannun yayata. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Ummi. Ku da kuka saba ganin hotunan ɗinkina a shafin nan kun san ba na kawo muku zancen gida. Yau zan kawo, domin na yi abin kunya, kuma da keken ɗinkina na yi shi.

Wata biyu kafin tafiyar, Ummi ta turo min hoton wata riga da saƙon murya na minti huɗu. Akwai wani shirin zane na Japan da take kallo a talabijin tun tana 'yar shekara tara, irin na 'yan faɗa masu tashi sama suna fasa dutse da ƙafa. An yi masa babban fim, za a nuna a silima, masoyansa kuma za su je sanye da rigar jarumar. Ita take so in ɗinka mata. Na saurari rabin minti ina kan keke, na ji awo, na ji launi, na kashe. Da na buɗe hoton kuwa sai da na yi salati. Riga ce shuɗiya, hannun hagu babu shi, a yage tun daga kafaɗa. Ƙasanta duk zare ya zazzago. A baya ga wani jan faci an ɗinka shi a karkace da farin zare, ɗinkin da ko ɗan koyo ne ya kawo min sai na sa ya warware. Na ce a raina, shekara talatin ina wannan sana'a tun daga Fagge, 'yata ba za ta shiga cikin mutane da tsumma a ce ni na ɗinka ba. Sai na gyara. Na sa mata hannu biyu cif, na kalmashe ƙasan, na watsar da zancen faci, na zuba aiki a wuya da zare ruwan gwal, na sa sitati na goge. Rigar tana rataye a bayan mota cikin leda, duk kwanar da muka sha sai na waiga na duba ta.

Fita New York ta gada kyauta ce, a dawowa ake karɓa. Amma daga New Jersey zuwa Delaware zuwa Maryland, kowace jiha sai ta yanki nata kuɗin hanya. Abokina yana ta tsaki, yana cewa titin da ake biya masa haka ya kamata a raba wa matafiya shayi. Namu shayin yana cikin fulas, da burodi da dambun naman da matarsa ta yi, wanda bai ga Baltimore ba. A gefen Washington muka faɗa cunkoso na kusan awa guda ba tare da mun ga abin da ya haddasa shi ba. Ya rantse ba zai sha mai ba sai Virginia, wai can ya fi araha. Fitilar mai ta kama, ni ina ta addu'a, shi yana ta ba ni labarin 'yan kokawar Nijar. Mun dai kai da ƙyar, kuma gaskiyarsa, galan ya fi sauƙi.

Mun haɗa azahar da la'asar a kan ciyawar wani wurin hutun matafiya. Wani tsohon Bature da ya fito da karensa ya ja shi gefe ya riƙe har muka sallame, sannan ya ɗaga mana hannu. Bayan Petersburg gari ya ƙare, sai dogayen itatuwa hagu da dama har ido ya gaji. A wani gidan abinci na nemi shayi, aka kawo min wani ƙaton kofi cike da ƙanƙara, sukarinsa har yana kama harshe. Haka suke shan shayi a kudu. Na shanye, tun da na riga na biya.

Da yamma muka shiga Greensboro. Yayata tana zaune ta wajen Sedgefield, unguwar ciyawa da filin golf, inda za ka yi minti goma ba ka ga mai tafiya a ƙasa ba. Ga wanda ya fito daga Bronx, shirun har kunne yake toshewa. Yaya ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar taushe, amma ni hankalina yana kan leda. Ina wanke hannu na zare rigar na ɗaga ta sama, yadda nake yi wa Alhazawa da babbar rigar Sallah.

Ummi ta matso. Ta miƙo hannu ta taɓa aikin wuyan, sannan ta kama hannun hagu ta riƙe shi na ɗan lokaci.

"Baba, ka saurari saƙon da na turo?"

"Na saurara mana," na ce.

Ta gyaɗa kai. "Na gode, Baba. It's beautiful."

Yaya ta yi min wani kallo ta kwashe kwanuka. Ni kuwa na ɗauki yanayin Ummi a matsayin mamaki, har ina gaya wa Ummi kwana nawa aikin wuyan ya ci.

Washegari Lahadi bayan azahar muka nufi Wendover. Titi ne mai faɗi, manyan kantuna jere, motoci ba sa yankewa. Ummi ta riga ta saya min tikiti, abokina kuma ya ce tun da fim ɗin faɗa ne ba za a bar shi a baya ba. Ta sa rigar a kan baƙar riga mai dogon hannu, da ɗan hijabinta baƙi. Sai a lokacin na lura cewa ko da babu hannun hagun, jikinta a rufe yake, ke nan ko hujjar sutura ma ba ni da ita.

Muna shiga zauren silimar na ga ɓarnar da na yi. Matasa ne cike, farare da baƙaƙe, da 'yan Asiya, da 'yan Mexico, har da wani mai furfura. Shuɗiyar riga ko'ina. Kowace da hannun hagu a yage, kowace da jan faci a karkace. Wasu ma da gam suka liƙa nasu. A tsakiyarsu ga 'yata cikin riga mai sitati tana ƙyalli, kamar za ta ɗaurin aure. Ƙawayenta uku suka zo da gudu, suka tsaya cak. Ɗayarsu ta tambaye ta cikin ladabi wace ce ta yi shigarta, don ba ta gane ba. Ummi ta ɗaga kai ta ce, "My dad made it," ta nuna ni. Suka gaishe ni da fara'a. Da aka zo ɗaukar hoton taro, kowa ya juya baya yana nuna facinsa, ita kuma ta zame can ƙarshe ta tsaya a bayan wani dogo. Na je na sayo gugguru mai tsadar da ba zan faɗa ba, don kawai in sami inda zan sa idona.

Fim ɗin da Japananci yake, fassara tana gudu a ƙasa, ni kuma Turancina na karatu ba mai gudu ba ne. Rabin farko ban ga komai ba sai ihu da tsalle. Yarinya ce ta bar gida tana hawa duwatsu tana neman wani malamin faɗa, duk wanda ta tarar a hanya sai sun gwabza. Abokina ya manta inda yake, yana ta "Kama ƙafa! Kama ƙafa!" har na baya suka yi dariya. Can sai hayaniya ta lafa, aka koma baya, ranar da yarinyar za ta bar gida. Aka nuno ubanta, tsoho mai gyaran komar kamun kifi, idonsa ya fara mutuwa. Yana zaune a ƙofar gida da rigarta a cinya, yana laluben ramin allura. Ya soki yatsa ya fi sau uku kafin ya gama facin nan, a karkace. Da ta juya za ta tafi sai ya kai hannu ya riƙo ta. Ita ba ta tsaya ba, shi bai saki ba. Hannun rigar ya yage ya zauna a hannunsa.

Wannan ba ya bukatar fassara. Na saci kallon Ummi, hasken allo yana kan fuskarta, hawaye na zuba a kan aikin wuyan da na yi kwana huɗu ina yi. Ba ta dube ni ba. A ƙarshen fim ɗin yarinyar ta dawo gida bayan shekaru, ta tarar da tsohon ya makance sarai, ƙyallen nan yana ɗaure a sandarsa. Ta wurinsa ya gane ta, da ya laluba kafaɗarta ya ji yagar. Ni dai ban ga sauran da kyau ba.

A wurin ajiye motoci na ce ta cire rigar ta ba ni. Na faɗa mata gaskiya a gaban abokina, cewa ƙarya na yi jiya, ban saurari saƙonta ba. Ta ce ai ta sani. Na ciro ɗan almakashin da ba ya barin aljihuna, sai ta ce, "A'a Baba, ba yankawa ake yi ba. It has to tear." Na kama kafaɗa na ja. Ko gezau. Abin da nake alfahari da shi shekara talatin ke nan, ɗinkina ba ya ɓarkewa, ga shi yau ya tsaya min a gaban mutane. Abokina ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Bon, Malam, riƙe can, wagga riga kokawa taka so." Ya ja, na ja, sai ji muka yi ƙeeet, na tafi baya na bugi motar wani. Ummi ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ce dariyarta ta farko tun zuwana. Na ce bari in warware aikin wuyan ma. Ta dafe shi ta ce wannan a bar mata. Sannan ta tsinci hannun rigar daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta ninke, ta sa min a aljihu. An dai riga an gama hotuna, ƙawayenta sun watse. Ranar da ta yi wata biyu tana jira ta wuce, ba ni da yadda zan dawo mata da ita.

Litinin da safe muka juyo. Sai da muka wuce Richmond na sami ƙarfin halin kunna saƙon, daga inda na kashe shi. Muryarta ta cika motar, Hausa tana tuntuɓe da Turanci. Ta ce ana sayar da rigar a intanet da araha, ƙawayenta duk can za su saya, amma ita ba ta so. Ta ce facin da hannu zan yi, kada in sa a keke, kuma kada in daidaita shi, don uban yarinyar ne ya ɗinka mata. "Shi ya sa kai nake so ka yi min, Baba," in ji ta. Abokina mai surutun nan ya ci gaba da tuƙi har Maryland. Ko kuɗin hanya bai yi wa tsaki ba.

Mun iso Bronx lafiya, alhamdulillahi. Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan bai da yawa. Idan baƙo ya kawo min yadi sai in zaunar da shi in ji yadda yake so har ƙarshe, amma 'yar cikina minti huɗu na kasa ba ta, saboda na raina abin da take so tun kafin in san ko mene ne. Hannun rigar yana nan na rataye shi a ƙusa saman kekena, masu zuwa awo suna tambaya ina kawar da zancen. Na yanko jan ƙyalle na ajiye, da farin zare da allura. Idan ta zo hutu da rigar zan ɗinka facin da hannu. Na gwada sau biyu a kan ragowar yadi, duk biyun sun fito a miƙe. Ina nan ina koyon karkatawa.