Lallen da Ya Kama a Ƙafar Gwaggo

A shekarata ta biyu da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan je taron ƙara wa juna sani. Likitocin iyali ne zalla, a wani zaure kusa da asibitin koyarwa. Ni dai kujerar bakin taga nake nema. Akwai darbejiya a waje, kuma sau da yawa jawabi yakan wuce ni ina can ina kallon yadda iska ke juya ganyenta.

A wata Asabar aka ɗauko batun ciwon suga. Na zauna da natsuwar wadda ta san karatun, domin a gida ma ina da mai shi. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi, ta daɗe da ciwon. Tun da na gama makaranta ta daina bin layin asibiti. Takan ce, "Ina da likita a ɗaki, me zai kai ni shan rana?" Ni ke gwada mata jini, ni ke canja mata magani, kuma ina jin daɗin hakan a raina.

Mai jawabin wata dattijuwar likita ce, gajera, mai sanyin murya. Ta ce, "Wa ya gwada sugan mara lafiya a makon nan?" Duka muka ɗaga hannu.

"Wa ya sa wata Hajiya ta cire safa?"

Hannuwa suka sauka. Wani daga baya ya ce, "Ranki ya daɗe, benci cike yake da mutane. In muka tsaya cire safa, ai sai Magariba."

"To bar wa likitan fiɗa," in ji ta. "Shi zai cire safar har da abin da ke cikinta."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don ta haska hoton wata ƙafa a bango. Ƙafar tsohuwa ce, ta sha lalle har idon sawu. Ta bar mu muna kallo, sannan ta nuna ƙaramin yatsa. Ta ce littattafan da muka karanta sun koya mana neman ja da baƙi a fata, amma waɗanda suka rubuta su ba su san ƙunshi ba. Iyayenmu mata, in ƙafa ta fara yi musu zafi kamar sun taka garwashi, lalle suke sawa don ya sanyaya, mako bayan mako, har jan ya koma baƙi. A ƙarƙashinsa yatsa zai mutu ba wanda ya gani.

"Kuma ranar da ta ce muku zafin ya daina," ta ƙara da cewa, "kada ku yi murna. Jijiyar da ke kai ƙara ce ta yi shiru."

Wata biyu kafin nan Gwaggo ta ce min, "'Yar nan, zafin nan ya tafi, lallena ya fi ƙwayoyinki." Na yi hamdala tare da ita. Ni ce ma nake sayo mata lallen, mai kyau, ɗan niƙan hannu.

Aka raba mana wani siririn tsinke na roba, kamar gashin wutsiyar doki, wanda ake dangwala wa tafin ƙafa a ji ko mutum yana ji. Ban tsaya cin abincin taro ba. A cikin a-daidaita-sahu na riƙe tsinken a tafin hannuna, shagunan bakin titi suna wucewa, ina ƙoƙarin tuna ranar da na taɓa ƙafar Gwaggo da hannuna. Na sha ganinta, na sha yaba ta. Taɓawa ce ban tuna ba.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina. Na lura kwanan nan tana yawan sa shi, har da rana tsaka.

"Gwaggo, miƙo ƙafarki in gani."

"Yau kuma? An koyo sabon karatu ke nan, za a gwada a kan tsohuwa."

"Don Allah, Gwaggo."

"To ga ta, Likita. Kalli yadda ya kama. Ko amarya albarka."

Na ce ta rufe ido, in ta ji an taɓa ta faɗa. Na dangwala tsinken a babban yatsa. Shiru. Na dangwala a tsakiya, na dangwala a dunduniya. Tana murmushi ido a rufe, tana jira.

"Kin fara, ko sai na yi barci?"

Na aza bayan hannuna a kan yatsun ƙafar hagu. Huɗu da ɗuminsu. Na biyar sanyi ƙalau, kamar gindin randa, kuma baƙinsa ba irin na sauran ba ne, ba shi da jan nan da ke ɓoye a cikin lalle. Da na buɗa tsakaninsa da na kusa da shi, sai ga rami, sai kuma warin da turaren ke rufewa.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Ta buɗe ido ta dubi wurin kamar ƙafar wata ce. "Wannan? Ai ba ya ciwo. Abin da ba ya ciwo ina ruwanki da shi?"

Kafin La'asar muna asibitin koyarwa. Likitan fiɗan da ya duba ta ya taɓa koyar da ni. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya lalubi bugun jini a bayan ƙafar ya daɗe, ya matsa nan, ya matsa can. Ya ce yatsan ya riga ya tafi, maganar yanzu ta ƙafar ce. Tun da lalle ya hana a ga inda jan ciwon ya tsaya, sai ya bi iyakar kumburin da yatsansa, ya ciro biro ya zana layi a kan fatar.

"Za mu sa mata ruwan magani. In zuwa Litinin kumburin bai haye nan ba, yatsa kaɗai za mu ɗauka."

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Likita, wannan zanen naka ko mai koyon ƙunshi ta fi ka hannu."

Ya yi murmushi, ya ce, "Allah Ya ba da lafiya, Hajiya."

Ranar Lahadi na wuni a gefen gadonta. An naɗe ƙafar, ba abin da ake gani sai farin bandeji, amma idona bai bar wurin ba. Ta ba ni labarin Gyaɗi-Gyaɗi lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa, tana yi tana tsayawa, jikinta da ɗan zazzaɓi.

Litinin da safe ma'aikaciyar jinya ta zo tana warware bandejin a hankali, zagaye bayan zagaye. Gwaggo ba ta kalli ƙafar ba, fuskata take kallo. Likitan ya sunkuya, ya aza yatsansa a kan layin, ya matsar da shi sama yana bin kumburin, ya sake matsarwa. Sannan ya miƙe ya rufe biron da ya buɗe bai zana komai ba.

Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. "Kira mahaifinki ya zo yanzu. Akwai takardar da zai sa wa hannu, kuma ba ta yatsa ba ce."