Kujerar Baffa Ɗalha

Tsintsiya ce a hannuna ranar da na fara jin sunansa. Ba a daɗe da dawo da ni unguwar Zaitawa a Kano daga Kaduna ba, wurin Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, ina ta ɗokin in nuna mata na iya aiki. Na share tsakar gida, na shiga zaure, sai na tarar da ɗan tsibin yashi a kan takardar buhun siminti a bayan ƙofa. Har na ɗaga tsintsiya na ji muryarta a kaina, wai in ajiye maza, yashin Ɗalha ne, in na share shi yau ba mai cin tuwo da daɗi a gidan nan.

Da la'asar sakaliya mai yashin ya dawo. Dogo ne siriri, rigar aikinsa ta sha baƙin mai, hularsa kuwa fes kamar ta zuwa Juma'a. Ƙanin Gwaggo ne, wan mahaifina. Da aka ce masa ni ce Mardiya, mai sunan mahaifiyarsu, sai ya durƙusa ya gaishe ni kamar babba. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa.

Baffa Ɗalha bakanike ne a Ƙofar Ruwa, amma ba kowace mota yake taɓawa ba. Aikinsa shirya manyan motocin da ke ƙetarewa Damagaram su wuce Agadas su faɗa cikin sahara: na 'yan kasuwar dabino da kanwa, da na masu ɗaukar mutane su je su kwana a kan tuddan rairayi don sha'awa kawai. Mota za ta shigo garejinsa kamar kowace mota, ta fita ta ƙara tsayi. Yana ƙara mata ganyen sifirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyinta, ya yi mata waldar tanki na biyu, ya wanke lagireto har sai ruwan ya fito garau. A gefe ya ɗaura shebur da wasu faffaɗan ƙarafa masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe. A ƙarshe ya rataya salka a jikin ƙofa, ya ce iskar gudu ce za ta sanyaya ruwan, na firji bai kai shi daɗi ba. Kuma duk direban da zai tafi sai ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada a ɗora ruwa a saman mota, don nauyin sama shi ke kifar da ita a gangaren rairayi.

Sharaɗinsa da direbobi shi ne idan sun dawo kada su wanke mota sai ya gan ta. Zai buɗe injin, ya zaro matatar iska, ya kakkaɓe ta a hankali a kan takarda. Abin da ya zubo shi yake kawowa gida ya shanya a bayan ƙofa, ya tankaɗe, ya ɗura a kwalabar maganin tari da ya wanke. Kwalaben sun cika alkukin zaure da kan dakali. Akwai ja kamar garin tattasai, akwai fari mai ɗanɗanon gishiri, akwai wani mai laushin da in ka murza ba ka jin komai a yatsa. Kowanne a cikinsu Baffa ya san direban da ya kawo shi da wurin da ya ce ya bi.

Shi kansa bai taɓa wuce Daura ba.

Gwaggo kan tsokane shi da matafiyin zaure. Takan ce kowa ya je ya dawo da dabino, shi ya zaɓi ƙasa. Yakan yi murmushi ya ce ai dabinon ma a bakinta yake ƙarewa. A wajenta na ji tushen abin. Mahaifiyarsu Bafulatana ce, an haife ta a bakin wata rijiya can bayan Agadas, fari ya koro iyayenta da shanunsu tana yarinya, har suka zauna a Kano. Ba ta sake komawa ba. Idan zafin bazara ya hana barci, takan ba su labarin rairayin garinsu, wai da tsakar rana samansa yana ƙona ƙafa, amma in ka tura ƙafar ciki har idon sawu, sai ka ji sanyi kamar ka taka gindin randa. Ɗalha ne kaɗai a cikin 'ya'yan ya riƙe maganar. Ya so tafiya yana saurayi, mahaifinsu ya rasu ya bar masa ƙanne. Daga baya kuma kullum akwai motar wani a gareji da ke jiran hannunsa.

Wasu ranakun yakan ɗauke ni mu hau Goron Dutse bayan la'asar. Ni ina kallon rufin kwano da hasumiyoyin masallatai, shi yana kallon arewa inda babu komai sai hazon nesa. Yakan lissafa mini garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta abin da ya haddace, har ya kai inda kwalta ta ƙare. A nan, in ji shi, ake tsayawa a rage wa taya iska har ta yi tumbi, sai mota ta daina gudu ta fara shawagi. Ina sauraro ina ganin gidajen birni suna narkewa suna zama tuddai.

Ina ajin ƙarshe na sakandare Jafaru ya zo da maganar. Jafaru direba ne da Baffa ya daɗe yana yi wa aiki, mai ɗaukar mutane yawon kwana a sahara. Ya ce bana hanyarsu za ta bi ta kusa da rijiyar da aka haifi kakarmu a bakinta, kuma ya rantse ba zai tayar da mota ba sai da Baba Ɗalha a ciki. Wurin zama ya cika, don haka Baffa ya samo kujera guda a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya sake mata soso da fata ruwan ƙasa, ya ɗaure ta a can baya kusa da taga. Ban taɓa ganin ya yi wa mota aiki irin na wannan ba. Gwaggo, duk da tsokanarta, ta zauna ta yi masa dambun nama da dakuwa. Ni na ɗinke masa jakar bargo, shi kuma ya sayi rawani baƙi yana gwadawa a gaban madubin Gwaggo tana ce masa Buzun Ƙofar Ruwa.

Ana gab da tafiya saƙo ya iso wa Jafaru cewa rijiyar da suke ɗiban ruwa a tsakiyar hanya rairayi ya binne ta. Dole su ɗauki ruwan da zai kai su har ta gaba. Na kai wa Baffa abincin rana na same su a tsaye a bayan motar, ga duro shuɗi a ƙasa, babu inda za a sa shi. Jafaru ya ce a ɗora a sama, Baffa ya kalle shi kawai. Jafaru ya ce to a ajiye safaya taya ta biyu, Baffa ya ce motar da ya shirya ba ta fita da safaya ɗaya. Jafaru ya ce bari ya ba ɗaya daga cikin fasinjojin haƙuri. Baffa ya ce mutumin da aka yi wa alkawari tun kafin a yi masa ba za a sauke shi dominsa ba.

Ya zagaya motar, ya sake zagayawa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki sifana ya hau baya.

"Baba Ɗalha, don girman Allah ka bari," in ji Jafaru. "Za mu yi tsimin ruwan."

"Rana ba ta san tsimi ba, Jafaru. Riƙe min nan."

Ya kwance kujerar da hannunsa. Duron ya zauna a gurbinta ɗas, kamar don shi aka auna wurin. Ya ɗaure shi, ya girgiza ya ji bai motsa ba, ya sauko ya wanke hannu ya ci abincinsa. Dambun naman da rawanin ya ba Jafaru.

A baro aka kawo kujerar Zaitawa. Baffa ya ajiye ta a zaure, ta fuskanci kwalaben. Gwaggo ta leƙo ta gani, ta koma ciki, kuma daga ranar ban sake jin ta ce masa matafiyin zaure ba. Jafaru ya dawo lafiya, ya ce sun isa rijiyar gaba duron saura kaɗan ya ƙare. Ya kawo wa Baffa rairayi cike da jarka, wanda ya ɗiba da hannunsa a kusa da garin kakarmu, ya kuma yi alkawarin baɗi. Baɗin ta zo hanya ba lafiya, wadda ta biyo baya kuma ƙafafun Baffa suka fara kumbura, har gareji ya gagare shi. A kan kujerar nan ya yi sauran zamansa, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Allah ya ɗauke shi a daminar bara. Allah ya jiƙansa. Kwalaben suna hannuna, kujerar tana inda ya bar ta.

Wata rana kafin ciwon ya yi nauyi, na shigo zaure na same shi ya juye rairayin jarkar a cikin kwanon wanki, ya shanya a rana tun safe, ya tura ƙafarsa ciki. Ya daɗe a haka idonsa a rufe. Da ya ji motsina sai ya zaro ƙafar ya kakkaɓe, ya ce zafi ne har ƙasa, kwano ba shi da zurfi. Ya ce ya sha tambayar direbobi, duk da takalmi suke yawo, ba wanda ya taɓa kula.

"Uwata," ya ce, "ke yarinya ce, hanya za ta gyaru. In Allah ya kai ki can, ki bari sai rana ta take tsaka, ki cire takalmi ki tura ƙafa har idon sawu. Ki ji min ko sanyin yana nan."